Baffa Sambo da Awon Zuciya

Ku da kuka san Baffa Sambo, ƙanin mahaifina, kun san bai taɓa shiga gaban mutum a hanya ba. Ko yaro ne, sai ya ja gefe ya ce wuce. Mutanen Haɗeja suka ɗauka tawali'u ne. Ni da na zauna da shi na san ba haka ba ne. Sana'arsa horar da shanun noma, tun farkon shigowar garmar shanu fadamunmu, kuma a wurinsa sa da mutum duk daga baya ake karanta su. Yakan ce fuska ta iya ƙarya, ƙeya ba ta iya ba.

Da aka ga yana mayar da bijimi mai tunkuyi kamar tunkiya, sai aka fara kai masa mutane masu halin da ya gagari gida. Ba ya duka, ba ya ɗaure kowa. Aiki yake ba ka, sannan ya auna ka, kuma rantsuwa ba ta shiga awonsa.

Kun tuna Tanko mai dakon itace, wanda ya kusa kashe jakinsa da duka? Ya zo da jakin bakin kogi ya rantse da girman Allah ya daina. Baffa ya sunkuya ya ɗauki kara ya ɗaga. Jakin ya zabura, saura kaɗan ya faɗa kogi.

"Kai ka rantse, shi bai rantse ba," in ji Baffa, "amma maganarsa na ɗauka."

Haka Mamman masunci na Kirikasamma, wanda tsegumi ya raba shi da 'yan'uwansa. Ya daɗe yana yi wa shanu yankan ciyawa bakinsa a rufe, har ya fara neman sallama. Wata safiya Baffa ya raɗa masa cewa yana tunanin sayar da sa ɗaya, amma kada kowa ya ji. Kafin la'asar mutane sun cika ƙofar gida suna jaje, wai ciwon huhu ya gama da garken. Baffa ya karɓi jajen kowa da ladabi, sannan ya waiwayi Mamman ya ce ɗan akuya ya ba shi riƙo, ga shi ya dawo masa da raƙumi, ya ɗauki laujensa ya koma fadama.

Kuna dariya. Ni ma na yi, kafin layi ya zo kaina.

Bayan an sami mulkin kai ba da jimawa ba na mari matata Zulai a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Duk unguwa ta sani, ba sabon labari ba ne. Ta tafi gidansu a Auyo. Mahaifinta, Malam Bukar, ya aiko cewa zai jira zuwa girbin shinkafa. In Baffa Sambo ya ce na huce, za ta dawo. In bai ce ba, sai gaban alƙali. Ina son yarinyar nan, shi ya sa na tafi wurin Baffa, ni da na shiga makarantar midil har na iya rubuta takarda da Turanci kafin a kore ni, na koma kwashe kashin shanu.

Baffa ya haɗa ni da wani jan sa matsoraci, wanda in ka tunkare shi da zafin rai ba zai tsaya ka ɗora masa karkiya ba. Shi ne ma'aunin. Da farko ko inuwata ya gani sai ya tsinke igiya. Na koyi sassauta tafiya, na koyi haɗiye magana, na koyi barin fushina a bakin garke kamar takalmi. Kafin ruwan kogi ya janye, jan san nan yana cin dusa a tafin hannuna. Na ce shi ke nan, na ci jarrabawa.

Ranar da Malam Bukar ya zo, muka zauna ƙarƙashin tsamiya. Na ɗora wa sa karkiya a gabansa, ko kunne bai motsa ba. Tsohon ya fara gyaɗa kai. Sai Baffa ya dube ni, a gaban surukina, ya ce ai ni ragowar boko ne, ban isa malanta ba na fi ƙarfin noma, kuma da shi ne Zulai da bai ma jira mari ba. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ya kai daidai kafaɗa, ya tsaya. Ban taɓa shi ba, Allah shaida ne.

"Malam," in ji Baffa, "bara da tuni ya mare ni. Bana hannun ya tashi ya tsaya, wannan ci gaba ne. Amma sa ba ya mayar da magana, 'yarka tana mayarwa. Da tawa ce, ba zan ba shi ba tukuna."

Malam Bukar bai san tukuna ba. Aka raba auren kafin a gama sussuka. Zulai ta auri wani ɗan kasuwa, suka koma Nguru. Ni na sake aure, aka zauna yadda aka zauna. Shekaru na yi ba na gaida Baffa in ban da Sallah, kuma har yau ban ce ya kyauta mini ba. Jininsa ne ni. Kalma ɗaya ce, da ya faɗe ta da ba a rataye shi ba.

Bara, ana tsakiyar hayaniyar kuɗin mai, kowa ya jefar da garma yana neman kwangila, aka ce mini Baffa yana kwance ba ya tashi. Na je. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Ko sallamata bai amsa ba ya hau ni da gori, wai na yi furfura ban tsinana komai ba, tsararrakina suna hawa mota ni ko keke nawa na aro ne. Na zauna ina jinsa. Da tari ya sarƙe shi na ɗaga kansa na ba shi ruwa. Ya daɗe yana kallon hannuwana.

"Ka huce. Je ka gaya wa Malam Bukar na ce a ba ka matarka."

Na ce masa Malam Bukar ya daɗe a ƙasa, Zulai kuma ta aurar da 'ya a Nguru. Na ɗauka zai ba ni haƙuri.

"To," in ji shi, "ni dai na gama aikina."

Bai kai Juma'a ba. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, ba nauyi ko kaɗan.

Allah Ka san bawanka Sambo bai taɓa rage awo don a so shi ba. Kada Ka yi masa irin nasa awon, Ka yi masa da rahamarka. Abin da ke tsakanina da shi na yafe, Ka haskaka makwancinsa. Amin.