Zuwa Gaida Hakimi a Zahir

Ka'akiyya

Na bar ɗakina da ke unguwar Ka'akiyya ana kiran asalatu, da wankakkiyar riga da ƴan riyaloli a aljihu. Labari ya zo mini cewa Hakimin garinmu ya zo aikin hajji, ya sauka a wani otal a unguwar Zahir cikin tawagar gwamnati. Ɗan maigidana marigayi ne. Ni na goya shi yana yaro.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Tanko, baran tsohon Hakimi. Da shi na zo aikin hajji, shekaru da yawa da suka wuce. Gwamnati kujerarsa kaɗai ta biya, amma basarake ba ya tafiya da jaka ɗaya. Sai da aka sayar da shanu da gonar fadama aka haɗa masa alkyabbu, da rawuna, da takalman gashin jimina, da mai girki, da ni mai riƙe buta. Ranar komawa kaya suka yi wa jirgi yawa. Aka ce in tsaya da ragowar, za a aiko. Ba a aiko ba. Bizata ta mutu. Kayan na sayar ɗaya bayan ɗaya na ci.

Ba kuɗin jirgi na fita nema ba. Wanda ba shi da takarda, in ya miƙa kansa, kyauta ake mayar da shi. Inda zan sauka nake nema. Ɗaki ɗaya a gidan Hakimi, in mutu a garinmu.

A mota

Bukari ne ya ɗauke ni, direba, haifaffen nan, Hausarsa rabi Larabci. Ammi yake ce mini, wato baffa.

“Ya ammi, yau an sha wanka. Aure za ka?”

“Tuƙa.”

“Wallah akwai taftish a gaba, ana binciken takardu. Lokacin hajji ne, ba wasa.”

Kafin shingen ƴan sanda ya sauke ni a bakin unguwar Utaibiyya. Na miƙa masa riyal goma, ya ture hannuna.

“Halas, ammi. In ka isa gida ka aiko min da kilishi.”

Utaibiyya

Daga nan ƙafa. Na bi lunguna, don na san su. Na tsaya wurin mai tanda na ci gurasar tamis da wake, na sha shayi. Gwiwa ta dame ni a hawan tudu, na zauna sau biyu. Rana ta ɗaga sosai kafin in ga otal ɗin.

Zahir

A ƙofa na ga dogarai biyu cikin ja da kore. Ban san lokacin da na gyara tsayuwa ba. Na faɗi sunana. Ɗayan ya dube ni sama da ƙasa.

“Kai ne wanda ya cinye kayan marigayi?”

“Ni ne. Yunwa ta taya ni.”

Sai ga Ila, Sarkin Gida, wanda muka yi barantaka tare. Ya tsufa, haƙora sun tafi. Ya rungume ni, ya ja ni sama. Bene guda Hakimi da mutanensa suka kama. Akwatuna masu taya jere har ƙarshen baranda, ga alkyabbu a rataye cikin leda, ga mai guga, ga masu girki biyu, ga mai ɗaukar hoto.

Na ce, “Gwamnati ta yi ƙoƙari.”

Ila ya ce, “Wace gwamnati? Kujera ɗaya ta bayar, kamar kullum. Shanu babu, fadama babu. Bayan gida aka sayar.”

“Wane bayan gida?”

“Namu, Tanko. Sashen barori. Mai gidan mai ya saya, har ya rushe. Ni kaina wurin surukina nake kwana.”

A sashen nan aka haife ni. Nan uwata ta rasu ba na nan. Na tambayi Ila ko an bar tsamiyar tsakar gida. Ya girgiza kai.

Bayan azahar aka shigar da ni. Hakimi na zaune, amawali ya rufe masa baki, idanun ubansa sak. Na cire takalmi na zube.

“Ranka ya daɗe, Tanko ne. Na tsufa. Ina roƙon wurin kwanciya a gida, ko zaure ne.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Baba Tanko.” Iyakar abin da ya fito daga bakinsa ke nan. Ya sunkuya ya yi wa dogari raɗa.

Dogari ya ce, “An gaishe ka. Za a duba.”

Aka ɗora mini kwalbar turare a hannu. A gidan nan, wanda aka karɓi roƙonsa cewa ake ya zauna ya ci abinci. Wanda aka ba turare, rakiya ce ta rage. Ni kaina na raka mutane da yawa haka. Na yi godiya na tashi.

Ila ya biyo ni har titi. Ya ce, “Ba mugunta ba ce. Ba shi da inda zai sa ka.”

Na ce, “Na sani.”

Komawa

Na sake bin Utaibiyya a ƙafa. Ban nemi Bukari ba, ban son tambaya. Wani mai ɗaukar kayan gwari ya rage mini hanya a bayan mota, riyal biyar. Na isa Ka'akiyya ana fitowa sallar magariba.

Ɗakina wayam. Jiya na rabar da kayana, don na ɗauka na gama da su. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina Mamman.

“Katifar nan da na ba ka.”

Ya dube ni. Ya shiga ya naɗo ta, ya haɗo da fankar, ya kai mini har ɗaki.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni ba a kama ni ba. Na gode wa Bukari da Ila da Mamman. Mutanen gida, wanda ya san inda aka binne uwata, ya tsaya ya yi mata addu'a a madadina.