Albarka a Kunnen Mai Saye

Shekarar da na shiga aji uku a jami'a, malamin da ke koyar da mu dabarun kafa sana'a ya shigo ran farko hannu rabbana, ba littafi ba alli. Ya ce a darasinsa ba wanda zai ci jarrabawa da biro. Kowa ya nemi abokin tarayya, a kafa sana'a ta gaske, a yi kaya, a fita a sayar wa mutanen da ba su san mu ba, in shekara ta ƙare a zo a gaya masa abin da kasuwa ta yi da mu. 'Yan ajin suka shiga kallon juna. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, don a ganina 'yar Zangon Wagadugu ba a koya mata ciniki. Tun kakannin kakanni goro da tufafi ake sayarwa a gidanmu, kuma ban bar kowa a ajin ya manta da haka ba.

Na haɗa kai da wata ƙawata 'yar Mosi da ke zaune a unguwar Gungin. Ita tana da hannun ɗinki da haƙuri, ni ina da baki da saurin hawa. Faransanci da harshen Mosi muke yi a tsakaninmu, don Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba. Muka yanke shawarar ɗinka jakunkuna da ƙyallen rini, na saka waya da na saka kwamfuta, irin waɗanda ɗalibai za su rataya su hau moto, wato babur.

Kasuwa ba ta ji kunyarmu ba. Jakunkunan farko zif ɗinsu ya riƙa cijewa. Na biyu kuma rinin ya zuba, ya ɓata wa wani saurayi farar riga, ya biyo mu har ƙofar aji yana masifa, na tare shi da tawa masifar, ƙawata ta janye ni ta ba shi haƙuri. Sai da muka koyi wanke ƙyallen sau da yawa kafin a yanka, muka koyi yadda ake lallaɓa mai rini ya cika alkawari. Malam yakan biyo ta gindin bishiyar da muke baza kaya, ya ɗaga jaka ya jujjuya, tambayarsa ɗaya ce kullum: "Wa ya dawo ya sake saye?" Da farko haushin tambayar nake ji. Daga baya na fara jiranta.

Da aka ce za a yi bajekolin ɗalibai a filin jami'a, kowace ƙungiya da rumfarta, sai na ga tamu za ta yi fayau in ba mu sami abin da zai ja ido ba. Nan tunanina ya tafi kan zanen kakata.

Hajiya muke ce mata, mahaifiyar babana. Zanen kuwa saƙin hannu ne, baƙi wuluk da rinin baba, an buge shi har yana ɗaukar ido, in ka taɓa sai shuni ya kama yatsunka. Mahaifinta ne ya zo da shi daga Kano a zamanin da ake bin hanya da jakuna, ya ba mahaifiyarta. Lokacin da aka rushe tsohuwar unguwarmu don a gina sabon tsakiyar gari, ina ƙarama, na ga maza suna ta fama da gadaje da kwanon rufi, ita kuwa Hajiya ta fito da ƙullin zanen nan a kanta, ba ta ɗauki komai ba bayansa. Muka koma gefen da rusau bai kai ba, wajen Kamsongin, muka ci gaba da ce wa wurin Zango. Cikin duk abin da ke tsohon gidan, zanen kaɗai ya rage mata. Shekara-shekara take fito da shi ya sha iska, ta turara shi, ta mayar akwati.

Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na roƙa. Ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yar lakwal, 'yar boko, yau kuma tsohon tsummana ya zama abin ado?"

"Hajiya, ratayawa kawai zan yi, a ga inda rininmu ya samo asali. Da yamma zan dawo miki da shi."

"Aro ne," in ji ta. "Kin ji ko? Aro."

Ranar bajekolin rumfarmu ta cika. Zanen na rataye a bayanmu, rana na dukansa yana walƙiya, mutane na tsayawa don shi su tafi da jaka. Can wajen azahar wata dattijuwa 'yar Mosi, mai kamala, ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ko dubi jakunkunan ba. Ta nuna shi, ta taya da harshensu, tayi mai tsoka ƙwarai. Ina tsakiyar miƙa wa wani kaya, wata kuma na ja mini hannu. Na juyo na yi mata murmushi, na ɗan rusuna, na ce, "Albarka." Daidai nan aka aiko malam na kirana in yi wa wasu baƙi bayanin sana'armu, na bar ƙawata a rumfa na tafi.

A kasuwarmu ta Hausawa, in mai saye ya taya, mai kaya ya ce "albarka", ya ƙi ke nan. Ita ce a'a mai ladabi, wadda ba ta kunyata kowa. Da ita na tashi, bakina ya furta ta ban ma san na bar harshen Mosi na koma na gida ba. Su kuwa Mosi, "barka" a wurinsu godiya ce. Dattijuwar ta ji yarinya ta rusuna ta ce ta gode. Ƙawata ma abin da ta ji ke nan.

Da na dawo, bangon rumfar wayam. Na juya ga ƙawata.

"Ina zanen?"

"Na naɗe mata," in ji ƙawata, fuskarta cike da murna. "Na yi mamaki, tunda kin ce na kakarki ne. Amma ke da bakinki kika yi mata godiya."

Abin da na faɗa mata a wurin ba zan rubuta shi ba. Ta tsaya tana kallona, idonta ya kawo ruwa, tana ta maimaita cewa ita abin da ta ji ta yi. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma raina ya ƙara ɓaci. Na kewaya filin kaf, dattijuwa ta yi nisa. Abu ɗaya ya rage mana: ta waya ta biya, lambarta na wurin ƙawata.

Na isa gida bayan la'asar, na tarar da Hajiya a tsakar gida tana yayyafa wa goro ruwa tana jera shi cikin ganye. Ta dubi hannuna, ta ga ba ƙulli. Na durƙusa na kwashe labari na faɗa mata, ina jiran faɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Hannunta dai ya tsaya cak a kan goron.

"Me kika ce mata? Faɗa mini kalmar."

"Albarka na ce, Hajiya."

"Ita kuma me ta ji?"

"Barka."

Ta ajiye goron da ke hannunta. Sannan ta ce, "Kira ta. Gobe ki kai ni."

Matar ta amsa waya cikin mutunci, ta yi mini kwatancen gidanta a unguwar Dasasgo. Na kwana da ƙarfin gwiwa. Na san Hajiya a fagen magana, na ga yadda manyan dillalai ke sunkuyar da kai a gabanta. Na ce a raina kafin azahar zane ya koma akwatinsa.

Da hantsi na goya ta a moto, ta zauna a karkace ta riƙe ƙuguna. Matar ta tarbe mu da ruwan sanyi, ta shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro. Hajiya ta gaishe ta da harshen Mosi tsantsa, irin na tsofaffi, wanda ni ban iya rabinsa ba. Suka tambayi gida, suka tambayi yara. Sannan Hajiya ta bayyana mata yadda kalma ɗaya ta raba kunnuwa biyu, da abin da zanen yake a wurinta.

Matar ta dafe ƙirji. Ba ta yi musu ba ko kaɗan. Ta ce 'yarta za ta yi aure, ta daɗe tana neman abin da za ta ba ta wanda ba a samu a kanti, jiya ma ta nuna mata sun yi ta murna. Amma tunda haka ne, Allah ya kiyaye ta riƙe gadon wani. Ta shiga ɗaki ta fito da shi, ta ɗora a cinyar Hajiya da hannu biyu.

Na sauke ajiyar zuciya. Har na fara gyara mayafi zan tashi.

Hajiya ta warware zanen a hankali. Ta shafa shi, ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe a haka. Sai ta sake ninke shi, ninki irin na masu tufafin da, gefe kan gefe, tana bugun kowane ninki da tafin hannu. Ta juyo wurina ta yi magana da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Rumfar taki ce ko tawa?"

"Tawa ce, Hajiya."

"Matar nan ta yi miki wayo?"

"A'a."

"Ta taya, ta ji an gode mata, ta biya, ta tafi gida da farin ciki. A kunnenta ciniki ya faɗa. In kika karɓe yau, ba za ta zage ki ba, mutuniyar kirki ce. Amma duk inda aka ambaci rumfarku, za ta tuna cewa a can ana sayarwa a biyo mutum gida."

"Hajiya, ai shi kaɗai ya rage miki."

"Na fi ki sani," in ji ta.

Ta ɗauki zanen ta miƙa wa matar. Matar ta ja da baya tana girgiza kai, ta ce ba za ta iya ba, ko kuwa a bari ta ƙara wani abu a kai. Hajiya ta ce ba a ƙari bayan ciniki. Ta kama hannun matar ta ɗora a kan zanen, ta ɗora nata a sama, ta faɗi kalmar da mai kaya ke faɗa in ya yarda, wadda ni ban faɗa ba jiya: "Na sallama." Ta fassara mata da harshensu, ta yi wa amarya addu'ar zaman lafiya.

Na zauna ina kallon tsohuwar nan da nake tsokana kullum a kan tabaranta da goronta, na ji kamar yau na fara ganinta. Tsoronta ya kama ni, irin tsoron da ake ji a gaban abu mai girma. A ƙarshen shekara, da malam ya ce kowa ya faɗi abin da kasuwa ta yi da shi, labarin tabarmar nan na ba shi, ƙawata na gefena, don tun a makon na je har Gungin na same ta muka shirya.

Matar ta rako mu har bakin ƙofa tana share ido. Hajiya ta hau moto da kanta, ta yi mata sallama da fara'a, har da wasa. Muka kama gudron, titin kwalta. Da muka tsaya a jan wuta, sai na ji ta kifa goshinta a tsakiyar bayana, hannunta ya ƙara matse ƙuguna. Can na ji ɗumi yana ratsa rigata. Na yunƙura zan juyo.

"Tuƙa, 'yar nan," in ji ta. "Kar ki waiwayo."