Wayar da ake yi wa caji babu sabis

Tun kafin abin ya faru ni mai tsoro ce. Yarana biyu a lokacin, babbar tana shekara uku, ƙaramin yana goye, kuma kullum tunanina ɗaya ne: in ɓarayin daji suka shigo garin, wa zan ɗauka, wa zan ja? Da wannan tsoron na aikata abin da har in koma ga Allah ba zan manta ba.

A shekarar da gwamnati ta yanke sabis ɗin waya a yankinmu ne. Ta hana cin kasuwar Batsari da sauran kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka. A rediyo aka ce don a toshe bakin infoma ne, masu kai wa ɓarayin daji labari. Daga ranar kowa ya koma kallon maƙwabcinsa ta gefen ido.

Akwai wata mata a gidan da muke haya, ta gudo daga wajen Ruma bayan an kashe mijinta a hanya. Ta girme ni, ina ce mata Yaya. Ba ta da surutu. Ita ke riƙe mini goyo in ina daka.

Ni kuwa Allah ya yi ni da lura. Na ga kowa ya jefa wayarsa cikin kwalla, amma ita duk bayan kwana biyu sai ta kai tata caji. Na ga tana fita da sassafe, wayar ƙulle a bakin zane, ta dawo da ƙullin tafasa, ƙarangiya ta cika mata zane, idonta jawur. Na ce a raina, wayar da ba sabis me ake yi da ita a bayan gari? Ban tambaye ta ba, alhali tabarma ɗaya muke zama.

Sai na faɗa wa yayan mijina, wanda yake cikin 'yan sa kai. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Da idona na gani." Gaskiya na faɗa, amma na san abin da nake so ya fahimta.

Washegari da hantsi 'yan sa kai suka tare ta tana dawowa, suka kai ta ƙofar gidan mai unguwa. Kafin in sa hijabi in isa, wurin ya cika. Wani saurayi yana cewa, "Dama irinsu ne ke cin tuwonmu suna sayar da mu!" Wata tsohuwa ta ce masa, "Kai rufe mana baki, tuwon wa ka taɓa ba wani?" Na ga sanduna a hannun mutane, kuma na san yadda irin wannan taron yake ƙarewa.

Mai unguwa ya ce, "Baiwar Allah, da wa kike magana a daji?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da mijina."

Aka yi dariya. Mai unguwa ya karɓi wayar, ya ba wani malamin makaranta ya duba. Malamin ya ce babu kira ko ɗaya tun ranar da aka yanke sabis, sai wata magana guda da wayar ta naɗa tun bara. Aka ce ya kunna. Ta ce, "Don Allah kar ku kunna a nan." Aka kunna.

Muryar namiji ce, yana dariya, ana jin ƙarar babur a bayansa. "Ke, kina ji na? Ki jiƙa geron nan, ina tafe. Kuma ki ɗaure akuyar nan taki, in ta sake shiga gyaɗar mutane ni ba ruwana." Sai muryarta tana cewa, "To, Allah ya kawo ka lafiya." Shi ke nan. Bai iso ba.

Sandunan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ita ko ta rufe fuska da mayafi. Ashe bayan gari take zuwa ta saurara ta yi kukanta, don kar ta tayar wa 'yan gidan hankali. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, ni na sa aka baje shi a gaban gari.

Mai unguwa ya ba ta haƙuri, bai faɗi wanda ya kai ƙara ba. Amma da muka koma gida ta karɓi goyona kamar kullum, ta ce, "Ƙanwata, da kin tambaye ni ai da na kunna miki." Ko ɗaga murya ba ta yi ba.

Bayan mako guda ta ɗaure kayanta, ta koma wurin ƙaninta a Safana. An dawo da sabis daga baya, kasuwa ta ci gaba da ci, na samu lambarta. Sau uku ina kira ina kashewa kafin ta ɗauka.

Abin da na koya shi ne, tsoro yana sa mutum ya ga abu daidai ya fassara shi a karkace. Ina roƙon duk mai karanta wannan, in ka ga abin da ba ka gane ba a wurin wanda kuke cin abinci tare, ka fara tambayarsa kafin ka kai sunansa gaba.