Sikirin ɗin Malam Sahabi

Har gobe ba zan manta da wata Laraba ta watan Sha'aban ba, ranar da na tona wa kaina asiri a layinmu na masu gyaran waya. Ni Ummaru, da rediyo na fara, tsufa ya same ni a kan waya.

Ga wanda bai san aikin ba, sikirin hawa biyu ne: gilashin sama, da na ƙasa mai nuna hoto. Idan na sama kaɗai ya tsage, sai a ɗora wayar a kan injin ɗumama har gam ya saki, a ja siririn zaren ƙarfe a tsakani, a goge, a manna sabon gilashi a injin matsewa. Amma mu ba haka muke yi ba. Sai mu ce wa mai waya duk ya mutu, mu saka masa kwafi, mu ɓoye nasa na asali, daga baya mu sake masa gilashi mu sayar. Na yi shekaru ina wannan, Allah Ya yafe mini.

Ran nan Malam Sahabi ya zo, wani tsohon malamin Arabiyya daga Ƙofar Dundaye, wanda na yi wa irin wannan aiki wata biyu baya. Bai zo ƙorafi ba. Roƙona ya yi in ƙara masa girman rubutu, don a wayar yake karatun Alƙur'ani. Ya ce har asibiti ya je, an ba shi tabarau, a banza.

"Idon nan ya gaji, Ummaru," in ji shi. "Ga azumi tahe, ina jin bana sai dai saurare."

Na karɓi wayar. Hasken kwafin ya dushe, wasula sun cakuɗe da baƙaƙe. Ni ma da nawa idon ban iya karantawa ba. Na jawo gwangwanin da nake ɓoyo a ƙarƙashin tebur, na fito da sikirin ɗinsa na asali da ban kai ga sayarwa ba, na gaya masa idonsa lafiya lau, ni ne na cuce shi. Ban rage murya ba, kowa a layin ya ji.

Abin da Malam ya tambaya kawai shi ne ko zai gyaru kafin a ga wata.

Yana tafiya Nasiru, ciyaman ɗin ƙungiyarmu, ya iso. Yaro ne a gabana, a hannuna ya koyi riƙe sukuddireba. Ya ce na zubar musu da mutunci, in kira Malam in ce kuskure aka yi wajen haɗa kaya.

"Baba Ummaru, in tuba kaka so, ka tuba kai ɗai. Mi ya kawo mu ciki?"

"Ni na koya muku wanga aiki," na ce masa, "ni kuwa za ni kwance shi. Ba ni sake ƙarya ga tsoho."

Ya ce to daga yau injin matsewa na ƙungiya ya haramta gare ni. Na ce ya riƙe abinsa.

Cire tsagaggen gilashin daga sikirin ɗin Malam shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Zaren na kaucewa kaɗan sikirin ya mutu, babu wani. Na ja shi a hankali har la'asar. Daga nan na hau keke zuwa Mabera, wurin wani mai injin kansa, ya matse mini.

Washegari na kai wa Malam wayar har zaurensa. Ya cire tabarau ya ajiye, ya buɗe Suratul Mulk ya karanta aya biyar bai tsaya ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai ce in zauna a kawo fura.

Na bar layin, tebur ɗina yanzu yana ƙofar gidana a Runjin Sambo. Wasu 'yan layin har yau ba sa amsa sallamata, ban kuma je ba su haƙuri ba. Duk wanda na canza wa sikirin, ina ƙulla masa tsohon a leda ya tafi da shi.

Ku masu tasowa, ku sani wanda ya miƙo muku waya bai san cikinta ba. In kun cuce shi, ba ku zai zarga ba, idonsa zai zarga.