Ƙafar Baba Alasan a Kan Bafil

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsayar da bafil ɗin Baba Alasan a Onklou ba, kuma ba na jin zan manta. Ɗazu na ji ku a ƙofar shago kuna ta musu, wannan ya ce a tsayar, wancan ya ce a kwantar, kamar za ku cinye juna. To ku aje kabul ɗin nan ku saurara, ba gudu za su yi ba.

Saboda wanda bai san aikin ba, bafil shi ne akwatin katakon da ake ɗaura lasifika a ciki, ta nan sautin jita yake fitowa. Na masu jita yawanci lasifika biyu ne. In ka kwantar da shi, lasifikokin suna gefe da gefe, sautin ya bi ƙasa ya yi kauri, amma ƙwauri yake duka ba kunne ba, kuma wanda ke zaune a gefe yakan ji shi a dagule. In ka tsayar, ɗaya na bisa ɗaya, sautin ya bazu hagu da dama, ta saman kuma ta matso kusa da kunnen mai kaɗawa. A Kwatano na koyi wannan, wajen maigidan da na yi wa apranti shekara biyu, kuma har gobe gaskiya ne.

Lokacin ban daɗe da dawowa Parakou ba, ina ji da kaina ƙwarai, gani nake duk arewa ba wanda ya san sauti sai ni. Wata ƙungiyar makaɗa ta unguwar Ladjifarani ta ɗauke ni teknisiyen. Shugabanta Shef Bukari, shi ne mawaƙi, shi ke karɓar gayya, shi ke ɗauka shi ke sallama. Ni aikina in jona kaya, in yi balans, wato in daidaita ƙarar kowa kafin a fara, sannan in zauna gaban tebur, na'urar sarrafa sauti, ina lura.

Mai jitarmu shi ne Baba Alasan. Ya haura sittin, siriri, ba ya magana da yawa. Duk abin da ka gaya masa sai ya kalli fuskarka ya yi murmushi ya ce, “To, madalla.” A zaune yake kaɗawa, bafil ɗinsa kullum a kwance a gabansa. Da ya zauna sai ya tuɓe takalmin hagu ya ɗora tafin ƙafarsa a kan akwatin, har fentin wurin ya goge. Abin yana ba ni haushi. Na taɓa tambayarsa, ya ce, “Gwiwata ce, ɗana, ba ta son lanƙwasa.”

Shef kuwa ya riga ya sayi sinte, wannan piyanon da ke kwaikwayon kowane kiɗa. A gabana ya ce, “Ranar da tsohon nan ya kwafsa mini a bainar jama'a, sinte zai ci gurbinsa.” Baba Alasan ba shi da gona, ba shi da shago. Jitar nan ita ce abincinsa, ita ce kuma abin da ake kiran sunansa da shi a gari.

Ranar Asabar ɗin, biki aka gayyace mu a Onklou, ta wajen Djougou, wani mai motocin ɗaukar doya yana aurar da ɗansa. Muka loda kaya a bashe, motar nan mai rumfar tampol, muka bar unguwar Guéma da hantsi. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan. Ƙasa tana ƙamshi, kunyoyin doya sun jeru har iyakar gani, itatuwan kaju suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Baba Alasan ya rungume jitarsa, ya ɗora haɓarsa a jikinta yana taɓa tsirkiya a hankali, ba a jona ta da komai ba. Ina gyangyaɗi ina farkawa, kiɗan yana zuwa yana tafiya, har na kasa bambance abin da nake ji da abin da nake mafarki. A cikin gyangyaɗin nan na yanke shawara: kiɗa mai daɗi haka, yau sai kowa ya ji shi yadda ya kamata.

Filin biki ƙarƙashin mangwarori ne, mata sun zauna ta hagu, maza ta dama, wato jama'a duk a gefe suke. Na ce yauwa, ga ranar tsayar da bafil. Da Baba ya tafi alwalar azahar na ɗaga akwatin na tsayar da shi bayan kujerarsa, lasifikar sama daidai kunnensa. Ban manta da gwiwa ba, don ni a ganina mai tausayi ne. Na aro turmi wajen matan gidan, na kife shi a gabansa.

Da ya dawo ya tsaya yana kallon abin da na yi.

Na ce, “Baba, yau za ka ji jitarka tas. Ga turmi nan na ƙafa.”

Ya kalli bakina, ya kalli Shef da ke tsaye kusa, ya ce, “To, madalla.” Amma bai yi murmushi ba.

Aka fara. Wallahi sautin ya fita fes, har ina jinjina wa kaina. Sai dai tun a waƙar farko na ji wani abu ba daidai ba. Baba yana shiga a makare, can kuma ya riga kowa. Ya ƙura wa hannun mai ganga ido kamar mai tsoron ɓata a kasuwa. Ƙafarsa a kan turmin tana ta lalube, ta matsa nan ta matsa can. Ya miƙa hannu ya ƙara ƙarar ampli, na'urar da ke ba bafil ƙarfi, ya sake ƙarawa. Matan da suka fito rawa suka fara kallon juna. Shef yana waƙa yana waiwaye, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Sai bafil ya yi kuka, irin tsuwwar nan mai huda kai. Jama'a suka toshe kunne, jarirai suka fashe da kuka, awaki suka watse. Baba Alasan kuwa, da lasifikar ke taƙi ɗaya daga kunnensa, ko gezau bai yi ba, yana ta kaɗawa. Nan na fara zargin Baba ba ya ji. Na kashe layinsa daga tebur, Allah ya taimake mu a daidai lokacin aka kira la'asar, aka dakata.

Na bi shi bayan bashe. Yana gabana, na kira shi da ƙarfi, “Baba!” Bai juyo ba. Na zagaya na tsaya a gabansa, sannan ya ɗago.

Na ce, “Baba, tun yaushe?”

Ya ce, “Shekara uku ke nan. Kunnen dama ya tafi ɗungum. Na hagu kamar daga cikin rijiya ake mini magana. Shekara talatin ina zaune gaban akwatunan nan, su suka cinye.” Ya nuna ƙafarsa. “Ta nan nake jin ta. In na taɓa tsirkiya sai ta hau ta tafin ƙafa, ta bi ƙashi, ta zo nan ƙirji. Turmi ba ya magana, Idirisa.”

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ya ce, “In Bukari ya sani, shi ke nan.”

Ba mu rufe baki ba sai ga Shef a fusace, yana cewa ai ya faɗa, dama ya sani, yau ce ranar. Ban san lokacin da na tari numfashinsa ba.

Na ce, “Pardon, Shef, laifina ne. Ni na tsayar da bafil, na kuma juya masa layi, sautin yana iso masa a makare. Ko wane ne a kujerar nan haka zai yi.”

Ƙarya ce tsagwaronta, amma Shef bai san komai a kan layi ba. Ya juyo kaina. Kai, na sha faɗa! A gaban dattawan gari ya ce da ni ɗan Kwatano mai ilimin banza, ya ce in na ƙara taɓa abin da ba a sa ni ba in nemi motar komawa da kaina. Na sunkuyar da kai ina “Wi, Shef, wi, Shef,” raina a ɓace, don a lokacin ba abin da na ƙi jini kamar a ce ban iya aiki ba. Na je na mai da wa mata turminsu, na kwantar da bafil a inda yake kullum.

Bayan salla aka koma. Baba ya zauna, ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa, ya lumshe ido. Ya taɓa tsirkiya ɗaya ya bar ta ta yi ta amo har ta mutu, sannan ya shiga.

Ni dai ban san yadda zan kwatanta muku ba. Rana ta yi sanyi, haske yana ratsowa ta ganyen mangwaro yana yawo a kan zannuwan mata. Jitar tana tafiya a hankali kamar ruwa a lambatu, mai ganga ya sassauta ya bi ta, Shef ma da ya buɗe baki zai shiga sai ya fasa, ya bar ta ta yi gaba ita kaɗai. Wata tsohuwa ta taso da sandarta ta tsaya a tsakar fili, ba rawa take ba, lilo kawai take yi ido a rufe. Na tsuguna kusa da bafil kamar mai gyara kabul, na ɗora tafin hannuna a kan katakon. Sai na ji ta. Kowace tsirkiya da irin motsinta, mai kauri tana girgiza har gwiwar hannu, siririya tana tsikarin 'yan yatsu. Na daɗe a tsugune, na manta ma da tebur. A gefe sautin a ɗan dagule yake, ba zan ɓoye muku ba, amma ba wanda ya damu.

Baba ya ƙara shekara huɗu a ƙungiyar, ya aje jita da kansa, ba wanda ya sallame shi. Ban gaya wa kowa ba sai yanzu da ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, tsayarwa da kwantarwa duk kun iya, amma in kuka tarar mutum ya aje kayansa a wata irin ajiya da ba ta yi muku daidai ba, kada ku yi saurin gyara masa. Makaɗa suna da abubuwan da ba za su taɓa faɗa muku da baki ba.

A hanyar dawowa ranar, kafin magariba, muna bayan bashe kowa ya yi shiru don gajiya. Baba Alasan ya matso, ya kama hannuna, ya juyo da fuskata yadda zai ga bakina sosai. Ya sassauta murya don kada wani ya ji.

Ya ce, “Idirisa, gaya mini tsakaninka da Allah. Kiɗan nan na bayan la'asar, ya yi daɗi?”

Na buɗe baki in ba shi amsa. Shi kuwa yana nan ya ƙura wa leɓena ido, yana jira.