Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ce 'yar fari a gidanmu na Ƙofar Dumi, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke," ko "waccan mai taurin kan," da su na girma. Ƙannena su hau cinyarta su yi ta shagwaɓa, ni ko kallon kirki ban samu ba. Kowa ya ce kunya ce, ni ma na san kunyar ce, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Ina da 'ya'ya uku lokacin da ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Aka yi mata aiki a asibiti, ni ke jinya. Da ciwon ya tsananta aka yi mata wata allura. Ba a jima ba sai ga Inna tana dariya, tana rera waƙar niƙa, tana tsokanar matar gadon kusa wai ɗankwalinta ya fi ƙarfin kanta. Can ta kamo hannuna, ta kira sunana tiryan-tiryan har sau biyu. Ta ce, "Ranar da na haife ki ruwa ake yi. Da kowa ya fita na yi ta kallonki."

Na fito baranda ina kuka. Wata nas 'yar kudu, mai kirki, ta dafa ni, ta ce da Hausarta ta 'yan koyo: "Kar ka damu, allura ne. Mu muna ce masa euphoria. Murna ne mai yawa, anjima zai wuce." Lallashina take yi baiwar Allah, ni kuwa kamar in shaƙe ta.

Ya kuwa wuce. Washegari na koma "ke, miƙo mini buta."

Tun daga nan kalmar euphoria ta zauna mini. A ofis ina jin samari suna faɗinta in an ci ƙwallo ko an ƙara wa wani girma, da nufin murnar da ke ɗauke mutum daga ƙasa. Ni dai sai in ci gaba da aikina.

Inna ta ƙara shekara shida a duniya, ba ta sake kirana ba, ni ma ban taɓa tayar mata da zancen ba. Na yarda allurar ce ta buɗe mata baki. Amma allura ba ta san ana ruwa ranar da aka haife ni ba.