Yaya Habu ya zo da magana, ni ina ƙirga bugun zuciya

"Yaya, bari in gama, ba na iya magana yanzu."

Abin da na ce wa Yaya Habu ke nan ranar Asabar, ina kan injin tuƙin kwale-kwale a ɗakin motsa jiki na unguwar Saint-Michel, idona a kan agogon hannu. Na cire shekaruna daga 220 don sanin iyakar bugun zuciyata, na raba shi mataki-mataki, na ɗaura niyyar zama a na sama, inda numfashi ke ƙwace wa mutum.

Shi kuwa tun daga unguwar Zongo ya biyo ni a zem, wato babur ɗin haya. Ya hau injin gefena da jallabiyarsa, yana ja a hankali kamar mai jan guga. Ya sake buɗe baki, na ɗaga masa hannu.

Kafin in sauka ya tafi.

Mai koyar da mu ya ce, "Kai da kake sabon farawa, matakin ƙasa ya fi maka, wanda za ka ja kana hira. Yayanka ne ya yi daidai."

Da yamma na tarar da Inna tana kuka. Ashe likita ya ce za a yi wa Yaya aiki a ciki. Ya zo ne in raka shi ya gaya mata, don ba ya son ya tunkare ta shi kaɗai. Haka ya je shi kaɗai ɗin.

Na same shi a ɗaki. Ya yi murmushi ya ce, "To ƙane, ka gama?"

Jama'a, ku sa shi a addu'a. Ku kuma gaya min, da wane baki ake ba irin wannan mutum haƙuri?